Waya Ta Iske Dandali A Watse

Koken iyaye iri ɗaya ne daga Talata Mafara zuwa Bakura, daga Bakura zuwa Maradun: yaran yanzu ba sa tashi daga inda suka zauna. Saurayi ɗan shekara 15 zai dawo daga makaranta, ya jefar da jaka, ya nemi inuwa, ya duƙar da kai a kan waya har a kira magariba. A aike shi bayan layi, sai ya tsaya neman aron babur. Idan caji ya ƙare, ya kai ta rumfar mai caji, ya raɓa jikin abokinsa suna kallo a ta abokin kafin tasa ta farfaɗo. Uwa ta yi faɗa, uba ya yi barazanar ƙwacewa, malamin Islamiyya ya yi nasiha, washegari a koma gidan jiya.

Koken gaskiya ne, kuma ya cancanci a saurare shi da kunnen basira. Sai dai hukuncin da ake yankewa a majalisu, cewa waya ce ta kashe wa yara jiki, ya tsaya ne a rabin hanya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan yanki na yammacin Zamfara, babbar waya ta yawaita a hannun matasa ne daidai lokacin da tsoro ya kore su daga dandali, daga filin makaranta, daga hanyar gona. Duk wanda ke son yara su koma guje-guje, tambayar farko da ke kansa ita ce: a ina za su yi gudun?

Wanda ya tashi a waɗannan garuruwa shekaru 30 ko 40 da suka wuce bai san wani abu wai shi motsa jiki a matsayin darasi ba, domin rayuwar kanta motsi ce. Da safe a ɗebo ruwa, da hantsi a kai abinci gona, da yamma a koro dabbobi daga kiwo. Idan aka yi sallar isha kuma farin wata ya fito, dandali ya cika. Samari su ja layi su yi langa: kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, ana ture juna da kafaɗa, ana kare wanda aka naɗa ruwa har ya kai inda zai sha. Mintuna goma na langa sun isa su sa gumi ya jiƙa riga, su gwada ƙarfin cinya da numfashi da iya tsayuwa. 'Yan mata a nasu ɓangaren suna gaɗa, ana tafi ana waƙa, wata ta faɗo ta baya ƙawaye su cafe ta su cilla sama. Da rana akwai 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida. Babu wanda ya sayi komai, babu wanda ya biya kuɗin shiga, babu koci. Abin da wasannin nan suke buƙata guda biyu ne: fili, da kwanciyar hankalin da zai sa uwa ta bar ɗanta a waje har dare ya yi nisa.

Da kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai kokawa da dambe su karɓi fage. Ƙauye ya gayyaci ƙauye, makaɗa su zo, yara su kewaye fili suna kallo, gobe su kwaikwaya a bayan gari. Ƙasar Sakkwato da Zamfara ta yi suna a wannan fanni, shi ya sa har yau waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba ta tsufa a kunnen jama'a ba. Langa da kokawa da dambe ma ba su tsaya a ƙauye ba, suna cikin wasannin gargajiya da jihohi ke fafatawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Wato abin da yaron Faru ko na Rini ke yi don nishaɗi, wasa ne da ake cin lambar zinariya da shi.

Shekarar 2021 ita ce ta fi kowace nuna yadda wannan rayuwa ta karye, kuma kowace daga ƙananan hukumomin uku ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai. 279 aka sako ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Sai a farkon 2022 aka soma buɗe wasu makarantun. Yaron da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wancan lokaci, yau saurayi ne, kuma shekarun da ya kamata ya yi yana tsere da kokawa ya yi su ne yana jin ana cewa kada ya yi nisa, kada ya kai magariba a waje, kada ya bi hanyar daji. Iyalai da dama sun baro ƙauyukansu sun tare a cikin gari, inda gida ɗaya ke ɗauke da mutanen gida uku, kuma tsakar gidan da a da ake tsalle-tsalle ta zama wurin shimfiɗa.

A wannan shekarar ce kuma aka yi wani abu da ya kamata masu ganin laifin waya kaɗai su tuna. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba kamfanoni umarnin katse layukan waya a duk faɗin Zamfara don taimaka wa aikin soja. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kawai su kira 'yan uwa. Kusan wata uku babu Facebook, babu WhatsApp, babu TikTok a Mafara da Bakura da Maradun. Da intanet ce kaɗai ta ɗaure ƙafafun yara, da a waɗannan watanni dandali ya dawo da armashinsa. To amma makaranta a rufe take, dare abin tsoro ne, kuma wayar da babu sabis tana nan da fina-finanta da gem ɗinta a cikin memori. An cire intanet, dalilin zaman bai tafi ba.

Wannan ba wanke waya ba ne. Tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, abin ya tashi daga na masu hali ya zama na kowa, musamman da Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa, ga kuma na hannu da ake saya da sauƙi a bakin tasha. Rashin wutar lantarki bai hana komai ba, masu caji da janareta ko sola sun toshe wannan giɓin, masu tura fina-finai sun toshe na tsadar data: da ɗan canji kaɗan za a cika wa yaro memori da fassarar fina-finan Indiya da shirye-shirye masu dogon zango da za su ci masa mako guda. Manhajojin gajerun bidiyo kuwa da gangan aka ƙera su don kada mai kallo ya tashi. Bidiyo na ƙarewa wani ya hau, na'urar tana lura da abin da ido ya daɗe a kai tana ƙaro irinsa, babu inda aka rubuta ƙarshe. Kamfanonin suna samun kuɗi ne da tsawon lokacin da mutum ya yi yana kallo. Babba mai iyali ma yana shan wuya kafin ya ajiye, balle yaron da hankalinsa bai gama nuna ba. Ƙwallon ƙafa ita ma ta koma abin kallo: matashi ya san jerin 'yan wasan Real Madrid da Arsenal har da na benci, yana kwana musu a gidan kallo, yana buga ta a PlayStation da yatsu biyu, amma ya manta rabon da ƙafarsa ta taɓa ƙwallo.

Duk da haka, uwar da ta saya wa ɗanta waya don ya zauna a gida ba sakarya ba ce. Ta auna ne tsakanin haɗari biyu, ta zaɓi wanda take iya gani da idonta. Da wayar ake jin an tare hanya kaza, kada a bi. Da ita ɗalibi ke gwada tambayoyin JAMB, wadda yanzu a kwamfuta ake rubuta ta. Da ita ake sauraren karatun malamai, ake tambayar farashin shinkafa kafin a ɗora buhu a mota. Duk shawarar da ta fara da a raba matasa da waya baki ɗaya, ta mutu tun kafin a gama faɗinta.

Abin da jiki ke asara kuwa ba ya jira a gama muhawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru. Wani babban bincike da masanan hukumar suka fitar a 2019, wanda ya duba ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awa ɗayar. Shekarun balaga su ne lokacin da ƙashi ke tara mafi yawan ƙarfin da zai rayu da shi har tsufa, kuma tsalle da gudu da ɗaukar nauyi ne ke gina shi. Su ne lokacin da zuciya da huhu ke samun horo, kuma ɗabi'ar da aka ɗauka a nan ita ke bin mutum. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake kira ciwon masu kuɗi, yanzu sun shiga gidan talaka. Masu bincike na ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini. Sai barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, amma garaɓasar datar dare da kamfanoni ke sayarwa da arha tana sa yaro ya raba dare ido biyu, ya makara sallar asuba, ya je aji yana gyangyaɗi. Wanda bai yi barci ba, ba shi da ƙarfin wasa. Wanda bai gaji da wasa ba, barci ba ya ɗaukarsa da wuri. Haka abin ke zagayawa.

'Yan mata su ne suka fi kowa cutuwa, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana wannan zance. A binciken nan na 2019, kashi 85 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kuwa kashi 78. A nan gida tazarar tana da dalilai sanannu. Namiji ko ba komai zai samu wani kango ya buga ƙwallo da tsakar rana. Budurwa kuwa gaɗa ce filinta, gaɗa kuma ta dare ce, dare kuma ya zama abin da ya zama. Bayan Jangebe, wane uba ne za a zarga don ya ce 'yarsa ba za ta fita ba? Sai duniyarta ta koma ɗaki da tsakar gida da waya. Wannan yarinyar ce nan da 'yan shekaru za ta ɗauki ciki ta haihu, kuma ƙarfin jikin da za ta shiga wannan hali da shi yanzu ake tara shi. Addini bai hana ta motsi ba: sananne ne a tarihin Manzon Allah (SAW) cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da take buƙata wuri ne mai katanga da sutura, da malama mace da za ta jagoranci wasan.

Akwai mai cewa wannan duk zancen ƙoshi ne. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa, har a Talata Mafara kanta, wa ke da lokacin damuwa da yaron da ya zauna da yawa? Kuma wanda ya je fadamun Bakolori ya ga samari tsundum cikin taɓo suna dashen shinkafa, ko suna ɗaukar buhunan albasa da tumatir, zai yi mamakin jin wai matasa ba sa motsi. Maganar tana da ƙarfi. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, har yau ita ce ke ciyar da noman rani a ƙananan hukumomin nan uku, kuma dubban yara na cin guminsu a can. Matasan yankin sun kasu biyu ke nan: waɗanda aiki ya yi wa yawa, da waɗanda zama ya yi wa yawa. Na biyun su ne ke ƙaruwa, a cikin gari, a tsakanin ɗalibai, a tsakanin waɗanda aka raba da gonakinsu. Na farkon ma ba su tsira ba, domin wahala daban, wasa daban. A langa yaro ke koyon bin doka ba tare da ɗan sanda ba, ya koyi faɗuwa ya tashi ba gaba, ya san yaran wata unguwa da sunayensu. Yankin da rikici ya raba kan jama'arsa yana buƙatar wannan fiye da kowa. Yunwa da zaman banza kuma ba kishiyoyi ba ne, a gida ɗaya ake samunsu.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar doka. A 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin gem na intanet zuwa awa uku a mako. Ostareliya ta zartar da doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta. Irin wannan na buƙatar hukuma mai iya tantance shekarun kowane mai waya, abin da ba shi da sauƙi a inda yaro ke amfani da layin yayansa. Darasin Taiwan ya fi kusa da abin da Zamfara za ta iya. Da suka ga matsalar rashin hangen nesa tana yawaita a idanun ɗalibai, sai daga 2010 suka ƙarfafa wa makarantu gwiwa su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum, kuma matsalar ta fara ja da baya. Sun nemi abin da zai cika lokacin yaro ne, suka sa shi a jadawalin makaranta.

Nan ne aikin yake. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, ana kuma gyaran makarantu. Ya kamata duk makarantar da za a kewaye da katanga a shigar da filin wasanta ciki, a hana yanka shi a yi shaguna ko filaye, domin a halin da ake ciki filin makaranta mai katanga da mai gadi shi ne dandalin da ya rage. Darasin motsa jiki yana cikin manhajar ƙaramar sakandare. A daina mayar da shi rubutu a allo, a fitar da yara su yi gumi. A dawo da gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai kowace shekara, ta maza da ta mata. Sannan a buɗe waɗannan filaye ga yaran unguwa tsakanin la'asar da magariba, lokacin da rana ta yi sanyi kuma ido na ganin ido. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukansu a Talata Mafara, suna da fili da matasa masu ilimi da za su iya horar da ƙannensu a ƙarshen mako.

Yankin ba ya rasa manya. Gwamnoni uku ya fitar: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan na mulkin jiha. Ahmed Musa, ɗan ƙwallo guda ɗaya, ya gina cibiyar wasanni a Kano da kuɗinsa. Ba abin da zai hana masu faɗa-a-ji na nan su yi wa kowace hedikwatar ƙaramar hukuma fili mai katanga da fitilun sola. Rabon riguna da kofi a kakar zaɓe ba ya maye gurbin wannan. Shehu Abdullahi, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta 2016, a Sakkwato ya tashi, nan kusa, kuma babu dalilin da zai sa a ce irinsa ba ya cikin yaran da ke zaune a rumfar mai caji yau.

A cikin gida kuma akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, a karɓe ta bayan isha a mayar bayan an dawo makaranta. Aiken da ƙafa za ta iya, a bar babur ya huta. Uban da ke latsa tasa wayar ana cin tuwo ya san cewa yaro na kallonsa, kuma dokar da ba ta hau kan babba ba, ba ta daɗewa a kan ƙarami. Limamai da malaman Islamiyya, waɗanda maganarsu ke da nauyi, su haɗa da haƙƙin jiki a cikin wa'azin da suke yi kan fitinar waya.

Masarautun Mafara da Bakura da Maradun su ne suka fi dacewa su fara, domin hakimai da dagatai sun san wace unguwa ce ke da fili, wace hanya ce ke da aminci, wane dattijo ne ya iya alƙalancin langa. Gasar langa da kokawa ta 'yan ƙasa da shekara 17, unguwa da unguwa, da rana, a cikin gari, a filin makarantar firamare, tare da jami'an tsaro a bakin ƙofa, ba ta buƙatar kasafin kuɗin jiha. Buhun shinkafa ɗaya daga manoman Bakolori ya isa kyautar zakara, kuma ana iya sa ranar farawa da zarar an gama girbin bana.